Gabas da Dutsen Inna

Jikana ya sayo na'urar neman ƙarfe a ƙasa. Shi da abokansa jihaz suke ce mata, sai ka ce babu wani jihaz a duniya sai ita. Doguwa ce kamar sandar makiyayi, da faifai a bakinta, sai abin toshe kunne da yake sawa ya daina jin kowa. Ran Juma'a bayan la'asar sukan fita bayan gari, wuraren da mutane ke shimfiɗa darduma su sha shayi, ko kuma wani ya kira shi a waya ya ce zoben matarsa ya faɗa cikin yashi. Rannan ya baje mini kayan aikin a tsakar gida don in gani. Akwai wani ɗan abu mai kama da karas da ake cusawa a rami, yana tsuwa in ya kusanci ƙarfe. Akwai wuƙar tono mai haƙora a gefe guda, da babban ludayi mai huji-huji na ɗiban yashi. Ya yi ta yi mini bayani da Larabci, sannu a hankali, kamar mai nuna wa baƙo hanyar Harami. Wai ba a ɗaga faifan sama, ba a sauri, kuma in ta yi kuka sai a ratsa wurin a tsaye, a sake ratsa shi a kwance, don a gane ainihin inda abin yake. Na bar shi ya gama ban tanka ba. In na fara ba zai iya bin Hausar ba, ni kuma akwai abin da ba na iya faɗa da Larabci, duk da a garin nan na Makka aka yanke mini cibiya.

Unguwar Zahir ɗin da na tashi a ciki ba ita ce wannan ta benaye da kwalta ba. Inda muke zaune a gindin tudu, ɗakunan kwano ne da katako, waɗanda ake kira sandaƙa, an fasa garewani an miƙe su an buga. In rana ta take sai ɗakin ya riƙa ƙara shi kaɗai saboda zafi. Da asuba abin da ke tashinka bayan kiran salla shi ne ƙarar garewanin 'yan ga-ruwa suna gangarawa bazan, wurin ɗiban ruwan unguwa, sai daka ya biyo baya, turmi yana amsa wa turmi daga wannan gida zuwa wancan. Mahaifina yana cikin 'yan ga-ruwan nan har ranar da ya kwanta bai tashi ba. Yanzu in na buɗe taga ba na jin komai sai na'urar sanyaya ɗaki ta maƙwabta da hon ɗin motoci. Ban ce da can ya fi daɗi ba, don mun sha wuya, amma a lokacin in wani ya yi tari a ƙarshen layi ka san ko wane ne.

Da na zama saurayi sai na shiga aikin wani dattijo ɗan Damagaram da kowa ke kira Baba mai rariya. Sana'arsa nemo abin da ƙasa ta haɗiye. In alhazai sun watse aka naɗe tantuna, mukan tafi Mina mu tankaɗe yashi, kuma sauran shekara ana kiransa in ɗankunne ya faɗi a tsakar gida ko mabuɗi ya ɓata a kango. Kayan aikinsa buhu guda ke ɗauke su. Akwai rariya biyu, mai manyan ido da mai ƙananan ido. Akwai rodi da ya wasa wa baki, da mayen ƙarfe da ya ciro daga matacciyar rediyo ya ɗaura wa igiya, da 'yar hauya, da guntuwar tsintsiya wadda ba ya yarda kowa ya yi shara da ita. Rodin nan shi ne kunnensa. Yakan tura shi cikin ƙasa a hankali yana murzawa, in ya ci karo da wani abu sai ya tsaya, ya kara kunne a ƙarshensa, ya ɗan ƙwanƙwasa. Dutse yakan ce ƙwas, katako ba ya cewa komai sai dai ya riƙe rodin, gwangwani kuwa yana da wata 'yar amsa kamar cikin da babu abinci. Na daɗe ina jin duk ɗaya kafin kunnena ya buɗe.

Mutum ne mai faɗa, kuma faɗansa kullum a kan abu uku yake. Na farko, kafin a taɓa ƙasa sai an ja igiya an raba wurin layi-layi, don kada a yini ana tonon inda aka riga aka tona. Na biyu, ba a sara a kan abu. “Ka tona a gefensa, ya faɗo maka da kansa,” haka yake cewa, “in ka sara a kai, kai da ɓarawo duk ɗaya, ka mai da wa mai abu rabin abinsa.” Duk ƙasar da aka fitar a kan buhu ake zuba ta, a tankaɗe, sannan a mayar da ita ramin a danne da ƙafa. Na uku kuwa shi ne wanda ba ya wasa da shi ko kaɗan: tsintuwar Makka ba a cin ta. Abin da muka samu a Mina cigiyarsa ake yi, wanda ba a sami mai shi ba a miƙa wa masu kula da kayan da suka ɓata. Mu abincinmu tukuicin wanda ya ga nasa ne. Na ga jikana ma yana mayar da ƙasa ramin da ya tona, na ji daɗi, ko da yake shi a waya ya koya.

Mahaifiyata, Inna, kunu da ƙosai take sayarwa, amma ba da su aka san ta ba. Da ajiya aka san ta. A ƙafa ta zo daga ƙasar Kano tana amarya, ta yi shekaru a hanya, kuma tun da ta zauna a Zahir matan da suka zo aikin hajji suke kawo mata abin da ba sa son yawo da shi. Ba ta rubutu, ba ta kiran shaida, ba ta buɗe ƙullin kowa. Yadda aka ba ta haka take mayarwa, har ƙullin bakin tsumman. Ba mu da gona a ƙasar nan, ba mu da dangi masu ƙarfi, sunan nan nata shi ne abin da muka mallaka. In na shiga kasuwa aka ce ɗan mai ajiya ne, har wuri ake matsa mini in zauna.

Wata shekara wata Hajiya 'yar Katsina ta sayi gwal na 'ya'yanta mata, awarwaro da 'yan kunne, ta ƙulle a tsumma ta sa a gwangwanin madara, ta kawo wa Inna za ta tafi ziyara Madina. Ba ta daɗe da tafiya ba sel ya zo, wato ambaliya. Wanda bai ga ambaliyar Makka ta wancan zamani ba ba zai gane ba. Hadari ya haɗu da hantsi a kan duwatsu, mu ko ɗigo bai sauka a kanmu ba tukuna, sai muka ji ruri daga sama da kwari. Kafin a kwashe yara ruwa ya iso, ja wur, ɗauke da itace da awaki da ƙofofin mutane. Layinmu gaba ɗaya ya tafi. Inna tana ƙoƙarin fitar da wata tsohuwa katakon rufi ya buge ta a ƙugu da ƙirji. Aka ɗauke ta zuwa gidan dutse na wasu maƙwabta a kan tudu, zazzaɓi ya rufe ta. Da ruwa ya janye, inda gidanmu yake babu komai sai laka da yashi da suka yi tudu, sai kan wani baƙin dutse da ke tsakiyar gidanmu, wanda Inna ke shanya barkono a kai.

Da ta farfaɗo ba ta tambayi ɗaki ba, ba ta tambayi tukwanenta ba. Ta sa Yaya, babbar 'yarta, ta kore mutane, ta kira mu kusa.

“Kayan Hajiya,” ta ce, muryarta da ƙyar take fita. “Na binne. Gabas da dutsen, ba nisa. Ku je.”

Na gangara wurin Baba da gudu. Mu 'ya'yan da aka haifa a nan, in maganar aiki ta zo bakinmu Larabci yake komawa, shi ma Baba ya saba da mu. Na ce masa, “Sharg al-hajar, ya Baba, garib.” Wato ta wajen fitowar rana daga dutsen, kusa. Ya dubi inda rana ke fitowa, ya ce tayyib, wato to, ya ja igiya. Hankalina ya kwanta, don ta wajen nan madafin Inna yake, na ce lallai a ƙarƙashin murhu ta sa shi.

Muka fara. Lakar da sel ya bari ta fi kamu zurfi, ta bushe a sama, ƙasanta kuma danƙo. Rodi yana shiga da ƙyar. Muka bi layi-layi, duk inda ya amsa mu tona a gefe, mu zuba a buhu. Da yake rariya ba ta tankaɗe laka, sai muka riƙa tsoma ta a daro muna girgizawa har ruwa ya wanke. Muka fitar da murfin tukunya, da ƙusoshi, da cokulan da ba namu ba, da takalmin yaro ƙafa guda. Mayen ƙarfe ya yi ta kwaso tsatsa. Muka sami duwatsun murhun Inna guda uku a inda suke, muka tona ƙarƙashinsu har muka kai ƙasa mai tauri da ba a taɓa tonawa ba. Babu gwangwani. Baba ya ce abin da aka binne ruwa ba ya ɗauka sai in ya ci ƙasar wurin, nan kuwa ƙara mata ya yi. Muka faɗaɗa igiya, muka shiga filin maƙwabta. Na koma na sake tambayar Inna, ta buɗe ido ta ce, “Gabas na ce muku. Sau nawa zan faɗa?”

Ana cikin haka Hajiya ta dawo daga Madina, jirgin ruwansu kuma yana jira a Jidda. Ta zo ta duba Inna, ta yi mata sannu, ta zauna a gidan. Ba ta ce ina kayana ba, ko sau ɗaya. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Kullum da safe sai ta fito bakin tudu ta tsaya tana kallonmu muna tono, in rana ta yi zafi ta koma ciki. Sai magana ta fara yawo. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da gyaɗa, wadda ta sha kunun Inna ba adadi, ta ce a bazan, “Allah mai iko, sel dai ya zo wa wasu a daidai.” Ba ta ambaci suna ba, ba ta kuma buƙaci ta ambata ba. Kafin yamma maganar ta hau tudu ta shiga ɗakin da Inna ke kwance. Daga ranar Inna ta juya fuska bango. Masu zuwa dubiya suka ragu, waɗanda suka zo kuma suna gaisuwa suna kallon ƙarƙashin gado. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, ba na mutuwarta kaɗai ba, na ta mutu a bar ta da wannan suna.

Wata la'asar na hau tudu hannuwana duk sun yi kanta sun fashe. Yaya ta fita wanki, ba kowa a ɗakin sai Inna. Na zauna a bakin gado. Aka kira salla. Ta yi taimama da ɗan dutsen da ke gefenta, sannan ta ce, “Kai, juya ni gabas, lokaci ya yi.”

Na kama kafaɗunta na juya ta wajen Harami, yadda na ga ana yi mata kullum, ban ko yi tunani ba. Na gyara mata matashi. Sai na ga hasken rana ta taga yana kan kuncinta na dama. Na tsaya ina kallon hasken nan. In da gabas ta fuskanta, ranar la'asar a bayanta za ta kasance. Zahir tana arewa da Harami, mu kudu muke kallo in za mu yi salla. Tun ina yaro nake jin tsofaffinmu suna cewa a kalli gabas in za a ta da kabbara, ban taɓa haɗa wannan gabas da ta fitowar rana ba, kuma ban taɓa raba su ba. Ta riga ta kabbarta, ba halin magana. Ban taɓa ganin salla mai tsawo kamar wannan ba, tana yi da ka, a hankali. Da ta sallame ta gama addu'arta na durƙusa.

“Inna, ina ne gabas?”

Ta dube ni kamar na zare. Ta nuna gabanta da haɓa. “Kai ma da tambaya. Ina kake kallo in za ka yi salla?”

Na sami Baba yana wanke rariya zai tashi. Na faɗa masa ina haki. Ya ajiye rariyar a hankali.

“Me ta ce da bakinta, ran farko?”

“Gabas da dutsen.”

“Kai kuma ka zo ka ce mini sharg.” Ya girgiza kai. “Kai, 'ya'yan Makka! Kun fassara mini uwarku. A gida gabas da alƙibla abu guda ne, yaro. Mace ta taka daga Kano har nan tana bin gabas, don ta iso sai ta sake mata suna? Ɗauko igiya.”

Muka koma kudu da dutsen, wurin da ko rodi ba mu taɓa sawa ba. Sai a lokacin na tuna nan ne take shimfiɗa tabarmarta ta salla in zafi ya kore ta daga ɗaki. Baba ya ja layi, ya miƙo mini rodin ya ce ni zan yi. Na fara turawa ina murzawa. Dutse, dutse, katako. A layi na biyu rodin ya wuce laka ya shiga tsohuwar ƙasa, ya tsaya. Na kara kunne na ƙwanƙwasa, na ji amsar nan ta cikin da babu abinci. Na ɗaga hauya zan sara a wurin, Baba ya riƙe mini hannu.

“A gefe,” ya ce. “Yau ma a gefe.”

Muka buɗe rami a gefensa, muka yi ƙasa har muka wuce zurfin abin, sannan muka riƙa cin bangon ramin da yatsu. Baba ya zura mayen ƙarfe, igiyar ta karkata ta manne a bango. Ya ɗauko guntuwar tsintsiyarsa ya share, gefen gwangwani ya bayyana, ya ci gaba da sharewa har ya faɗo cikin tafin hannuna. Ko ƙwarzane babu. Ina so in ruga, ya ce sai an mayar da ƙasa. Muka mayar, muka danne, rana tana shirin faɗuwa.

Na ɗora wa Inna gwangwanin a ƙirji da lakarsa. Ta shafa murfin da yatsu ta ji ba a taɓa shi ba. Hajiya ta fashe da kuka, ta ce wallahi ita ba ta taɓa zargi ba, ta miƙa hannu za ta sa shi cikin mayafi.

“A'a, Hajiya,” in ji Inna. “Buɗewa za ki yi.”

“Haba Inna, ni da ke?”

“Ba don ke ba.” Ta dubi Yaya. “Kira mini matan layinmu. Har da mai gyaɗa.”

Suka cika ɗakin har ƙofa. Inna, wadda ba ta taɓa ganin cikin ajiyar kowa ba, ta sa aka kwance ƙullin a gaban jama'a, aka baje awarwaro da 'yan kunne a kan faranti, Hajiya ta ce sun cika. Aka yi ta salati, ana cewa dama mun sani, dama mun faɗa. Inna ba ta dubi gwal ɗin ba, fuskokinsu take bi da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ni a lokacin murna nake, na ɗauka komai ya koma yadda yake.

Ta tashi daga ciwon, ko da yake da sanda ta ƙarasa rayuwarta. Muka sake buga sandaƙa a wurin, ta koma suyar ƙosai a zaune. Da hajji ya kewayo, wata safiya ina ɗaure buhun kayan aiki sai ga mai gyaɗa ta yi sallama. Ta durƙusa ta gaishe da Inna, gaisuwa mai tsawo, sannan ta ciro wani ƙulli daga zaninta ta ajiye a gabanta. Ta ce 'yan kunnenta ne na gado, tana so a ajiye mata, don duk Zahir ba ta da inda ta yarda da shi kamar nan. Kowa ya san ban haƙuri ne ta zo yi, iyakar yadda ta iya ke nan. Na ji daɗi har raina, ina jira Inna ta miƙa hannu.

Inna ta daɗe tana kallon ƙullin, ƙosai yana soyuwa har ya fara ƙonewa. Sannan ta tura shi da bayan hannu, a hankali, har ya taɓa gwiwar matar.

“Na yafe miki tun ina kwance,” ta ce. “Amma ɗauki kayanki, 'yar'uwa. Na daina ajiya.”

Alhazai sun yi ta zuwa shekara da shekaru suna tambayar gidan mai ajiya, ana nuna musu ƙofarmu. Takan ba su kunu, ta tambaye su labarin gida, ta sa musu albarka. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara karɓar ko allurar wani ba.